Magani Ya Ci, Mutuwa Ta Ninka: Wa Ya Yi Kisan?

Ga wani kacici-kacici, mai karatu, kada kuma ka yi saurin ba ni gari.

A watan Afrilun 1989, a Amurka, wani kwamiti na likitoci da masana lissafi ya zauna yana duba alƙaluman wani gwajin magani. Rukuni biyu ne a gabansu, an sakaya sunayensu da haruffa don kada son rai ya shiga. Rukuni ɗaya mutum 730 ne, ɗayan 725. Dukkansu jijiyar da ke shayar da zuciya jini ta taɓa toshe musu, suka sha da ƙyar. Dukkansu tun daga lokacin zuciyarsu take tuntuɓe wajen bugu. Dukkansu kuma an gwada musu sabon magani an ga ya ci, tuntuɓen ya ɗauke, na'ura ta shaida. Daga nan ne aka jefa ƙuri'a: rabi suka ci gaba da shan maganin, rabi aka musanya musu da ƙwayar wofi mai kama da shi, su ba su sani ba, likitocinsu ma ba su sani ba.

Bayan kimanin wata 10, rukuni ɗaya ya rasa mutum 22. Ɗayan ya rasa 56.

To, wane rukuni ne ke shan maganin gaske? Na san amsar da ke bakinka, ita ce kuma amsar da kusan duk likitan zuciya na wancan zamani zai bayar. Sai aka buɗe sirrin haruffan. Mutum 56 ɗin nan su ne masu shan magani.

Kafin mu fara kamen waɗanda ake zargi, bari mu ɗan waiwaya a gurguje. Wanda ya tsira daga toshewar jijiyar zuciya bai gama tsira ba, domin a shekarar farko da yawa sukan yanke jiki su faɗi ba tare da wani gargaɗi ba. Tun wajejen 1970 Bernard Lown na Jami'ar Harvard da wasu takwarorinsa suka lura da wata alama. Akwai wani bugu da kan taso daga ɗakunan ƙasa na zuciya kafin lokacinsa ya yi, mu kira shi bugun azarɓaɓi, wanda majinyaci kan ji kamar gabansa ya faɗi ko zuciyar ta tsallake taki ɗaya. Da 'yar na'urar da Norman Holter ya ƙirƙira, wadda ake rataya wa mutum ta yi ta naɗar bugunsa dare da rana, aka ƙirga aka ga cewa masu yawan bugun azarɓaɓi sun fi saura mutuwar farat ɗaya. Biri ya yi kama da mutum. Aka ce ai ga mai laifi, a kashe bugun azarɓaɓi a ceci rai. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da filekainid, mai sunan kasuwa Tambocor, a 1985, sannan enkainid, wato Enkaid, a 1986, likitoci kuma suka shiga rubuta su har ga waɗanda bugun bai dame su ba. A 1987 cibiyar gwamnatin ƙasar mai nazarin zuciya da huhu da jini ta fara gwajin da aka sa wa suna CAST, wato wanda kwamitin nan ya zauna a kansa, don ta tabbatar da abin da kowa ya riga ya yarda da shi. Yardar ta kai har wasu likitoci sun ƙi tura majinyatansu, suna ganin zalunci ne a bar mutum da ƙwayar wofi alhali ga magani.

Ga shi kuwa masu ƙwayar wofin ne suka fi rayuwa. Ruwa ba ya tsami banza. Wa za mu fara kamawa?

Na farko da hankali zai kai gare shi shi ne tsautsayi. Ƙuri'a takan yi son kai wani lokaci, ta tara marasa sa'a a gefe guda. Kada ka raina wannan zargi, don ya taɓa ruɗar ƙwararru. A 1980, a birnin Nottingham na Ingila, wasu likitoci sun gwada wani ɗan'uwan waɗannan magunguna mai suna lorkainid a kan mutum 95. Tara suka mutu cikin masu shan magani, ɗaya tak cikin masu ƙwayar wofi. Suka ɗauka tsautsayi ne, tunda mutanen kaɗan ne. Kamfani ya jingine maganin saboda dalilan kasuwa, sakamakon kuma ya kwanta a durowa ba a wallafa ba. Amma a CAST mutane kusan 1,500 ne. Ƙari a kan haka, da aka ware masu filekainid daban, masu enkainid daban, kowane ɓangare ya nuna ɓarna iri ɗaya. Tsautsayi ba ya sa hannu sau biyu a wuri guda da rubutu iri ɗaya. Mu sake shi ya tafi, amma ka riƙe sunan Nottingham, za mu sake haɗuwa da shi.

Na biyu ya fi wayo. Wasu suka ce ku dubi masu ƙwayar wofi da kyau: kashi 3 cikin 100 kawai suka mutu, ƙasa da abin da aka yi tsammani ga mutane masu irin wannan ciwo. Anya ba su ne suka cika lafiya ba, har suka sa maganin ya yi kama da mugu? Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Ba a shigar da mutum ƙuri'a sai maganin ya rage masa bugun azarɓaɓi da aƙalla kashi 80 cikin 100, kuma daga baya an gane cewa waɗanda bugunsu ke saurin jin magani dama zuciyarsu ta fi ta saura ƙwari. Sai dai ka tuna abu guda: rukunonin biyu ta ƙofa ɗaya suka shigo. Tankaɗen da aka yi wa wannan shi aka yi wa wancan, sannan aka raba su. Idan masu ƙwayar wofi zaɓaɓɓu ne, masu magani ma zaɓaɓɓu ne, amma kashi 7.7 cikin 100 nasu suka tafi. Wannan ma ya kuɓuta.

To ko maganin ne ya gaji a hanya, jiki ya saba da shi, bugun azarɓaɓi ya dawo ya yi ɓarnarsa? Wannan ko zama ba za mu ba shi ba. Maganin da ya daina aiki ya koma ƙwayar wofi ke nan, mutuwar ɓangarorin biyu sai ta zo daidai. Ba za ta ninka ba. Wani abu yana aiki a jikin mutanen nan, yana aiki da ƙarfi.

Yanzu mun zo kan wanda ya fi kowa kama da ɓarawo. Likitoci sun daɗe da sanin cewa maganin daidaita bugu yakan juya wani lokaci ya rikita bugun da kansa. Sun san halinsa, sun kuma san lokacin fitowarsa: kwanakin farko na fara sha, ko lokacin da aka ƙara yawan ƙwaya. Shi ya sa ake sa ido sosai a farkon. Tsarin CAST ma ya tanadi wannan, tunda kowa sai da ya sha maganin a fili na ɗan lokaci kafin ƙuri'a, wanda bai karɓe shi ba aka cire shi. Idan wannan tsohon ɓarawo ne, ya kamata gawarwaki su taru a makonnin farko, daga nan abin ya lafa.

Masu binciken suka jera ranakun mutuwar a kan zane. Babu tari a farko. Layin masu magani ya rabu da na masu ƙwayar wofi, ya yi ta nisa, wata bayan wata. Mutum ya sha ƙwayarsa wata uku lafiya. Wata shida lafiya. Takardar awon zuciyarsa tsaf. Rana ɗaya ya faɗi.

Maganin bai canza ba. Yawansa bai canza ba. To me ya canza a ranar?

Wannan tambaya ita ce bakin zaren, amma akwai saura mutum ɗaya a layin zargi. Waɗannan magunguna suna ɗan rage ƙarfin matsawar zuciya, zuciyar da ta riga ta ji rauni kuwa ba ta da rarar ƙarfi. Ko a hankali suka gajiyar da ita har ta kasa? Cikakken rahoton da Debra Echt da abokan aikinta suka wallafa a 1991 ya ba mu damar dubawa. A ƙidayar ƙarshe, mutum 63 suka mutu cikin 755 masu magani, 26 cikin 743 masu ƙwayar wofi. Waɗanda gajiyar zuciya ta sannu a hankali ta kashe: 4 a nan, 2 a can. Wannan bai isa ya cike giɓin ba. Mafi yawa rikicewar bugu ce ta ɗauke su, 43 a nan, 16 a can.

Amma dakata. A cikin rahoton akwai wani ɗan layi da ido zai iya tsallakewa. Waɗanda sabuwar toshewar jijiya ta sake kamawa har jininsu ya faɗi suka mutu: 11 cikin masu magani, 3 cikin masu ƙwayar wofi.

Sabuwar toshewa. Me ya haɗa maganin bugu da toshewar jijiya? Ba ya daskarar da jini. Ba ya tsuke jijiya. Amma ga sawunsa a wurin.

Aka bi sawun. Sai ga shaida ta biyu. Toshewar jijiya iri biyu ce a takardar awo: akwai wadda ta kashe tsokar wurin gaba ɗaya ta gama, akwai kuma wadda ta tsaya rabi, ta bar tsoka mai sauran rai tana rayuwa a kan ɗan jinin da ke tsiyayowa ta jijiya mai ƙunci. Hankali zai ce masu ta farkon ne maganin zai fi cutarwa, tunda ɓarnarsu ta fi girma. Alƙaluma suka ce a'a. Masu ta biyun, waɗanda har gobe jini kan iya yanke wa wani sashe na zuciyarsu, su ne haɗarin maganin ya fi ninkuwa a kansu.

Shaida ta uku ita ta rufe ƙofa. A 1995 wasu daga cikin masu binciken suka yi wani lissafi mai sauƙi. Suka ƙirga duk wanda ƙarancin jini ya sake taɓa zuciyarsa amma ya rayu, suka haɗa da waɗanda suka mutu, a kowane rukuni. Jimillar ta zo kusan daidai. Ma'ana, farmakin ƙarancin jini ya ziyarci ɓangarorin biyu ba bambanci. Masu ƙwayar wofi suka ji ciwon ƙirji, aka kai su asibiti, suka koma gida. Masu magani kuwa, da yawansu ba su kai asibitin ba.

Ka gano? Ashe ɓarayin biyu ne. Ɗaya yana zaune cikin gida kullum, shiru, ba ya taɓa kowa. Ɗayan baƙo ne mai zuwa jefi-jefi, shi kaɗai ba kasafai yake kisa ba. Ranar da suka haɗu, ranar ake kuka. Maganin shi ne na cikin gida, ƙarancin jini shi ne baƙon. Wannan shi ne bayanin da masana suka fi gamsuwa da shi, gwaje-gwajen da aka yi a kan karnuka ma sun nuna cewa irin waɗannan magunguna sun fi haddasa mugun bugu idan an toshe jijiyar zuciya.

Yadda suke haɗa baki kuwa abin a tsaya a kalla ne, domin a nan hikimar halittar zuciya take bayyana. Kowane bugu wata 'yar wutar lantarki ce da ke tashi daga wani ƙulli a saman zuciya ta dama, ta gangaro ta bazu cikin tsoka. Kowace ƙwayar tsoka tana da ƙananan ƙofofi da take buɗewa sinadarin sodiyam ya kwararo ciki, da haka take kamawa ta miƙa wa maƙwabciyarta. Ka ɗauke ta kamar wutar daji a busasshiyar ciyawa: tana cin gaba, ba ta komawa baya, don inda ta ci babu abin ci. Bambancin kawai, ciyawar zuciya takan sake tsirowa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. A lafiyayyar zuciya wutar tana da sauri, takan cinye filin kaf ta mutu kafin sabuwar ciyawa ta fito, sai a jira bugu na gaba. To amma wanda jijiyarsa ta taɓa toshewa yana da tabo a zuciya, matacciyar tsoka da ba ta kama wuta, kamar dutse a tsakiyar filin. Wuta mai sauri takan raba biyu ta zagaye dutsen, harsunan biyu su haɗu a baya su kashe juna. Idan kuwa gefe ɗaya ya toshe, ɗayan kuma wutar tana jan ƙafa, kafin ta gama zagayowa ciyawar farko ta tsiro. Sai ta sake kamawa. Ta sake zagayawa. Ta sake kamawa. Tun 1913 wani matashin masani ɗan Ingila, George Mines, ya nuna wannan zagaye a zoben tsoka da ya yanko daga zuciyar dabbobi.

Aikin filekainid da enkainid shi ne toshe waɗancan ƙofofi na sodiyam, su rage wa wutar gudu. Da haka suke kashe bugun azarɓaɓi, kuma suna kashe shi da kyau. A ranar da jini ke gudana daidai, ragin gudun bai kai ya yi illa ba. Amma bari jijiya ta tsuke na 'yan mintoci. Tsokar da jini ya yanke wa takan zubar da fotasiyam waje, tsami ya taru a cikinta, ƙofofinta su yi nauyin buɗewa, wutar ta rage gudu tun kafin a zo batun magani. A irin wannan tsoka kuma maganin ya fi maƙalewa. Idan zuciya ta ƙara sauri saboda ciwo ko tsoro, ya ƙara maƙalewa. Nan wuta na gudu. Can tana rarrafe. Ga tabo a tsakiya. Zagaye ya ƙullu. Ɗakunan ƙasa su hau bugu babu ƙaƙƙautawa, daga nan su koma makyarkyata kawai, ba sa tura jini. Cikin daƙiƙoƙi mutum ya suma. Cikin mintoci, in ba a sa masa na'urar girgiza zuciya ba, shi ke nan.

Shi kuma bugun azarɓaɓi da aka yi ta farauta fa? A ganina shi ne wanda aka fi zalunta a labarin nan. Gaskiya ne masu yawansa sun fi mutuwa, amma dalili shi ne zuciyar da ta fi lalacewa ita ta fi yin sa. Alama ce ta ɓarnar da ke ƙasa. Aka share alamar, ɓarnar tana nan, aka kuma ƙara mata abokin aiki. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne babu likitan da zai iya gane haka daga ɗakin duba marasa lafiyarsa. Majinyacin da ya rayu, magani ne ya cece shi. Wanda ya faɗi, ai dama mai ciwon zuciya ne, an yi iya ƙoƙari. Kowace gawa tana da bayaninta. Sai da aka sami rukunin da ba a ba komai ba, aka ajiye shi gefe da gefe, sannan ɓarawon ya fito fili. Waɗanda aka ji tausayinsu don an hana su magani, su ne suka tona asirin.

Tsugune ba ta ƙare ba. Magani na uku a gwajin, morisizin, wanda aka fara haɗawa a Tarayyar Sobiyet, an ci gaba da shi a zagaye na biyu. A makonni biyun farko mutum 17 cikin 665 suka mutu ko zuciyarsu ta tsaya, a ɓangaren ƙwayar wofi kuwa 3 cikin 660, aka dakatar da shi a 1991, shekarar da aka janye Enkaid daga kasuwa. Aka ce to a bar ƙofar sodiyam a gwada ta fotasiyam. Gwajin SWORD, mai mutum 3,121, ya gwada wani nau'in maganin sotalol, shi ma aka tsayar da shi kafin lokaci, sakamakon da aka wallafa a 1996 ya nuna kashi 5 cikin 100 sun mutu a ɓangaren magani, kashi 3.1 a ɗayan. Wani maganin, amiyodaron, ya fi su dama: manyan gwaje-gwaje biyu na 1997, ɗaya a Turai ɗaya a Kanada, sun nuna yana rage mutuwar rikicewar bugu, amma bai rage jimillar mutuwa a fili ba.

Likitocin Nottingham kuwa, a 1993 suka buɗe durowa suka wallafa sakamakonsu na 1980, suka faɗa da bakinsu cewa da an buga shi a kan lokaci da wataƙila ya zama gargaɗi. Na jinjina musu a kan wannan gaskiya, ko da ta zo bayan shekara 13. A 1995 ɗan jarida Thomas Moore ya ƙiyasta a littafinsa Deadly Medicine cewa Amurkawa dubun dubata ne irin waɗannan magunguna suka kashe. An yi jayayya a kan adadin, ba a yi jayayya a kan cewa an yi asarar rayuka ba.

Wanda ya ceci rai kuwa yana nan tun farko, ba a cika yi masa kirari ba don bai iya share bugun azarɓaɓi kamar sababbin ba. Tun 1982 gwajin BHAT mai mutum 3,837 ya nuna cewa furofaranolol, daga dangin magungunan da ke sassauta gudun zuciya su rage mata buƙatar jini, ya sauke mutuwa daga kashi 9.8 zuwa 7.2 cikin 100. Ko a cikin CAST, masu shan irinsa sun fi saura tsira. Shi ya sa a yau wanda jijiyarsa ta toshe ake fara masa da buɗe jijiyar, da asfirin, da maganin rage kitsen jini, da wannan dangi na masu sassauta gudu. Wanda zuciyarsa ta yi rauni ƙwarai kuma akan dasa masa 'yar na'urar da ke girgiza zuciya idan ta rikice, wadda Michel Mirowski da abokansa suka fara dasa wa ɗan Adam a 1980 a asibitin Johns Hopkins.

Filekainid bai mutu ba. Har yanzu ana ba da shi ga masu rikicewar bugu ta ɗakunan sama, kuma yana yi musu amfani, matuƙar an tabbatar babu tabo a zuciyarsu, babu ƙuncin jijiya. Don haka, mai karatu, idan kai ko wani naka ya taɓa samun toshewar jijiyar zuciya, ko yana jin ƙirji na ɗaurewa in ya yi tafiya, kada ya karɓi maganin daidaita bugu daga kemis ko daga hannun wani don kawai gabansa na faɗuwa. A kan kwali ana rubuta sunan filekainid haka: flecainide. Idan likita ne ya rubuta, a gaya masa tarihin toshewar tun kafin ya ajiye biro. Wanda kuma ya riga ya fara sha kada ya yanke da kansa, ya koma wurin likitan zuciya a sake duba shi.